Iska kyauta ce, to me ya sa wutar Birtaniya ke da ɗan karen tsada? Fashin baƙi kan rigimar jam'iyyunsu

Tambayar da 'yan siyasar Birtaniya ke ta cacar baki a kanta ita ce, tunda ƙasar ta cika tekunta da fankokin samar da wuta, har ta kai a 2024 kusan rabin wutar da ta samar daga iska da rana da makamantansu ya fito, to me ya sa har yanzu bil ɗin wuta ke neman karya magidanta, kuma masana'antunsu ke biyan ɗaya daga cikin farashi mafi tsada a duk ƙasashen da suka ci gaba? Jam'iyyar Leba ta ce laifin gas ne, a yi haƙuri a ƙara fankoki farashi zai sauko, har ma lokacin kamfen ɗin 2024 ta yi alkawarin rage wa gida kusan fam 300 a shekara kafin 2030. Jam'iyyun adawa na Conservative da Reform kuma suka ce ina, ai fankokin nan su ne ciwon. In ka saurari kowane ɓangare shi kaɗai sai ka rantse shi ke da gaskiya, saboda kowannensu ya riƙe wani yanki na lissafin ne ya lulluɓe sauran da bargo.

Mene ne wannan net ziro da ake ta ambata

Kalmar da za ka fi ji a bakinsu kenan, net ziro. Ma'anarta a kai lokacin da hayaƙin da ƙasa ke turawa sama mai ɗumama duniya zai yi daidai da wanda take janyewa, ko ta hanyar dazuzzuka ko ta na'urorin da ke kama hayaƙin a binne shi a ƙarƙashin ƙasa, in an yi ɗebe-ɗebe sai a tashi da sifili. Birtaniya ta sa wa kanta 2050 a doka. Akwai kuma wani wa'adin daban da mutane ke yawan cakuɗawa da wannan, wato burin gwamnatin Leba na cewa kafin 2030 kusan kashi 95 cikin 100 na wutar lantarkin da ƙasar ke samarwa ya zama daga hanyoyi masu tsabta, iska da rana da nukiliya. Na 2050 ya haɗa komai, motoci, jirage, ɗumama gidaje, gonaki, masana'antu. Na 2030 wutar lantarki ce kawai, kuma shi ne ya fi taɓa bil yanzu-yanzu, don gaggawa kuɗi take ci.

Da can bakinsu ɗaya ne

Abin da zai ba ka mamaki shi ne wannan rigimar sabuwa ce. A 2008 zamanin firaminista Gordon Brown na Leba aka yi dokar sauyin yanayi, ministan da ya ƙarasa ta a majalisa shi ne Ed Miliband, wanda kuma shi firaminista Keir Starmer na Leba ya sake miƙa wa ma'aikatar makamashi a 2024, kuma waɗanda suka ƙi dokar a majalisa a lokacin ko goma ba su kai ba. Firaminista Theresa May, 'yar Conservative, ita ce ta mayar da wa'adin ya zama net ziro a 2019 tana dab da barin kujera. Magajinta Boris Johnson ma haka, shi ne ya yi ta kurarin zai mai da Birtaniya Saudiyyar iska, ya kuma karɓi baƙuncin taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021. Galibin fankokin tekun da ake zagi yau a zamanin mulkin Conservative na shekara 14 aka kafa su ko aka sa hannu a kwangilarsu. Laifi tudu ne dai.

Kuma an yi aiki, ba a nan ake gardama ba. A 2012 kwal ne ke ba da kusan kashi 40 na wutar ƙasar, amma ranar 30 ga Satumba 2024 aka kashe tashar kwal ta ƙarshe a Ratcliffe-on-Soar, a ƙasar da ta fara ƙona kwal don samar da wutar jama'a tun 1882 a Landan. Hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da 1990.

Ɓarakar ta fara fitowa fili ne a 2023, bayan wani zaɓen cike gurbi a Uxbridge, tsohuwar mazaɓar Boris, inda Conservative ta sha da ƙyar saboda mutane sun fusata da harajin da magajin garin Landan Sadiq Khan, ɗan Leba, ke shirin faɗaɗawa kan tsofaffin motoci masu hayaƙi. Nan jam'iyyar ta gane akwai ƙuri'a a cikin wannan fushin, wata biyu bayan nan firaminista Rishi Sunak ya ɗage hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2030 zuwa 2035. Daga nan fa aka buɗe ƙofa.

Wa ke yanke farashin wuta

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan akasarin masu gardama a intanet ke zamewa. Ka ɗauka wani babban ɗan kasuwa yana buƙatar buhu 100 na masara yau, dole sai 100 cif. Ya fara saye daga masu araha, ya samu 80, sauran 20 ɗin ba su samuwa sai wajen wani mai tsada. To a tsarin kasuwar sarin wuta ta Birtaniya, da ma yawancin Turai, farashin wancan mai tsadar na ƙarshe shi ne ke zama farashin kowa. Fanka ba ta sayen mai, don haka ita ke fara shiga da farashi mafi ƙasa, nukiliya ta biyo, amma ragowar giɓin tashoshin gas ke cikewa, sai ya zamana gas ɗin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na wutar ba shi ke yanke farashi a mafi yawan sa'o'in shekara. Faransa da ke da nukiliya mai yawa da Norway mai madatsun ruwa ba su cika shan wannan dukan kamar Birtaniya ba.

An ga zahirin haka a 2021 zuwa 2023. Akwai hukumar Ofgem da ke ƙayyade iyakar abin da kamfani zai caji gida tun Janairu 2019, kuma a lura, farashin yunit take ƙayyadewa, adadin da ake faɗa a labarai misali ne na gida matsakaici na wuta da gas a shekara, wanda ya sha da yawa zai biya fiye da haka. A Oktoba 2021 adadin fam 1,277 ne. Gas ya fara tashi bayan korona, kamfanonin dillancin wuta kusan 30 suka durƙushe, sannan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairu 2022, Afrilu ya koma 1,971, aka sanar Oktoba zai kai 3,549, na Janairu 2023 kuma 4,279. Dole gwamnatin Liz Truss, wadda ko wata biyu ba ta yi ba, ta tsayar da shi a 2,500 baitulmali ya cike sauran da biliyoyin fam. Duk wanda ya ce maka fanka ce ta jawo wannan tashin gwauron zabin to ya faɗi son ransa, gas ne, kuma a nan Miliband na da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Sai dai gas ɗin ya sauko sosai daga inda ya kai a 2022, amma a ƙarshen 2025 adadin na nan a wajen fam 1,755, bai koma gidan jiya ba. To me ya riƙe shi?

Abin da ke ƙunshe cikin bil

Kuɗin sarin wutar kansa bai kai rabin bil ɗin lantarki ba. Sauran akwai kuɗin layuka da tiransfomomi, kuɗin gudanar da kamfani, harajin VAT na kashi 5, bashin waɗanda suka kasa biya da ake rarraba wa kowa, sai kuma kuɗaɗen tsare-tsaren gwamnati da aka ɗora a kai, kuma waɗannan su ne makamin 'yan adawa.

Mafi nauyi a cikinsu wani tsohon tallafi ne da aka fara a 2002 lokacin da fanka da sola ke da tsadar gaske, ana ba masu su ƙarin kuɗi a kan farashin kasuwa na tsawon shekara 20. An rufe shi ga sababbin shiga a 2017, amma na ƙarshen su sai 2037 za su gama karɓa. Waɗannan kam suna ci biyu, in gas ya tashi su sayar da tsada kuma su karɓi tallafi a kai. Ni a ganina wannan ƙorafin na 'yan adawa halas ne, kuma ita ma gwamnati ta amsa laifi a fakaice, don a kasafin Nuwamba 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta kwashe kashi uku cikin huɗu na wannan nauyin daga bil ɗin gidaje ta mai da shi kan baitulmali na wasu shekaru, ta kuma soke wani shirin gyaran gidaje da ake cajin kuɗinsa a bil, aka ce gida zai samu sauƙin kusan fam 150. Amma fa ba a yafe kuɗin ba, aljihun dama ne aka bari aka koma na hagu, haraji zai biya.

Na biyu shi ne abin da ya fi ba ni haushi ni kaina in na karanta. Iskar ta fi ƙarfi a arewa, a Sikotland da tekunta, masu shan wutar kuma sun fi yawa a kudu, Landan da kewaye, layukan da ke tsakani ba su isa ɗaukar wutar ba. Sai ranar da iska ta kaɗa sosai, hukumar da ke kula da babban layi ta biya masu fanka a arewa su kashe, sannan ta biya tashar gas a kudu ta kunna. An biya sau biyu kenan a kan wuta ɗaya, kuma a 2024 abin ya haura fam biliyan 1. An gina fankoki an bar waya a baya, an ɗaura sirdi babu doki. Maganinsa shi ne a ja sababbin layuka, wasu ta ƙarƙashin teku wasu a kan dogayen falwayoyin ƙarfe, kuma wannan ma biliyoyi ne da za su sauka a bil, ga mutanen ƙauyukan gabashin Ingila sun tada kayar baya kan layin da za a ja daga Norwich zuwa Tilbury, su ba sa son ƙarafa su ɓata musu shimfiɗar gonaki. An kawo shawarar a raba ƙasar shiyya-shiyya kowace da farashinta, ta yadda Sikotland za ta samu araha masana'antu su koma can, shugaban kamfanin dillancin wuta na Octopus, Greg Jackson, ya yi ta tallata ra'ayin, amma a Yuli 2025 Miliband ya yi watsi da shi.

Na uku duk wanda ya sa sola a gidansa a Kano ko Maraɗi zai gane shi ba sai an yi dogon bayani ba, ka sa sola amma janareta na nan a lungu saboda ranar hadari, kuma ko ba ka tada shi kullum sai ka yi masa sabis. A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, akwai kuma kwanakin hunturu da iska ke kwanciya lif, sanyi na cizo kowa ya kunna komai, a irin ranakun nan gas ne ke ɗaukar ƙasar. Don haka dole a ci gaba da biyan tashoshin gas kuɗin zaman jira. Idan mai goyon bayan fanka ya ce maka ita ce wuta mafi araha, farashinta a bakin fanka yake nufi, bai sa kuɗin janaretan da na waya ba.

Gwanjon da ya ba da kunya

Sabon tsarin da ya maye gurbin tsohon tallafin ya fi hankali. Gwamnati na yin gwanjo, kamfanoni su faɗi farashin da za su yarda su sayar da megawat na awa ɗaya, wato yunit 1,000 na mita, mai araha ya ci. In farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da abin da aka yi yarjejeniya a cika masa daga bil, in ya haura shi ne zai dawo da rarar, kuma a tsakiyar rikicin 2022 sun dawo da kuɗi da gaske. A gwanjon farko na 2015 fankar teku ta ci a wajen fam 114 zuwa 120, a 2017 aka ga 57.50, a 2019 wajen 40, a 2022 har 37.35, dukansu da darajar fam ta 2012 aka lissafa su. Wannan saukar ce ta sa kowa ya yi ta cewa magana ta ƙare.

Sai ga 2023, gwamnatin Sunak ta ce ba za ta biya sama da fam 44 ba, ko kamfanin fankar teku ɗaya bai zo ba. Dalili kuwa kusan duk kuɗin fanka a farko ake kashe shi, da bashi ake gini, kuma babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agusta 2023, ga ƙarfe da jiragen aikin teku sun yi tsada. Kamfanin Vattenfall na Suwidin ya dakatar da aikinsa na Norfolk Boreas a shekarar. A 2024 sai da aka ɗaga, sababbin ayyuka suka ci a wajen fam 59, duk da haka a Mayu 2025 kamfanin Ørsted na Denmak ya ajiye aikin Hornsea 4 ya ce lissafi bai fita ba. Daga baya gwamnati ta tsawaita kwangilolin daga shekara 15 zuwa 20 don ta lallashi masu zuba jari. To kai da kanka ka san in mai saye ya fito fili ya ce dole ne ya gama sayayya kafin 2030, masu kaya ba za su yi masa ragi ba.

Nukiliyar da Conservative da Reform ke yabo ita ma ba kanwar lasa ba ce. Tashar Hinkley Point C an yi mata farashin fam 92.50 na shekara 35, an ce za ta ci biliyan 18, yanzu ana maganar sama da 30 kuma ba a gama ba. Wanda ya ƙulla cinikin a 2013 shi ne ministan makamashi na lokacin Ed Davey, wanda daga baya ya zama shugaban jam'iyyar Liberal Democrat, kowa dai da hannunsa a cikin miyar.

To a haƙo na Tekun Arewa mana

Kemi Badenoch, wadda ta karɓi jagorancin Conservative a Nuwamba 2024, a Legas ta tashi, kuma tun jawabinta na farko a majalisa ta ba da labarin yin aikin makaranta da hasken kyandir saboda rashin wuta a Najeriya, wannan tarihin take yawan jawowa in tana gargaɗin kada a yi wasa da wuta. A Maris 2025 ta ce cimma net ziro a 2050 ba zai yiwu ba sai an talauta ƙasa, a Oktoba ta ce in ta ci za ta soke dokar 2008 gaba ɗaya, Theresa May ta fito ta ce wannan babban kuskure ne. Jam'iyyarta na cewa a cire harajin hayaƙi daga tashoshin gas, a soke tsohon tallafin, a haƙo duk man da gas ɗin da ya rage a Tekun Arewa, wato tekun da ke tsakanin Birtaniya da Norway. Nigel Farage da Richard Tice na Reform sun fi ta zafi, Tice har wasiƙa ya rubuta wa kamfanoni a 2025 yana gargaɗinsu cewa in Reform ta hau ba za ta mutunta sababbin kwangilolin ba. Donald Trump ma da ya je filin gwaf ɗinsa a Sikotland a Yulin shekarar sai da ya yi wa fankoki tas.

Hujjarsu mai ƙarfi ita ce Birtaniya ba ta fitar da ko kashi 1 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma in masana'anta ta rufe a Birtaniya ta koma Sin ko Indiya hayaƙin bai ragu ba, aikin yi ne kawai ya tafi. Suna nuna matatar mai ta Grangemouth da ta daina tacewa a 2025, da manyan tanderun ƙarfe na Port Talbot da aka kashe a 2024, ko da yake kowannensu na da wasu dalilan na kasuwa. Suna kuma tambaya, me ya sa za a hana sababbin lasisin haƙa a gida, a ɗora wa kamfanonin harajin da ya kai kashi 78, sannan a je a sayo gas daga Norway da ke haƙa a teku ɗaya? Wannan tambayar har ƙungiyoyin ƙwadago masu goyon bayan Leba na yi, musamman saboda ma'aikatan Aberdeen, cibiyar harkar mai a Sikotland, garin da gwamnati ta kai hedikwatar sabon kamfaninta Great British Energy don ta kwantar musu da hankali.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne batun bil. Rijiyoyin sun tsufa, tun wajen 1999 zuwa 2000 suka kai ƙololuwa suke ta raguwa, tun 2004 ƙasar ke sayo gas fiye da yadda take fitarwa, kuma abin da aka haƙo kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayarwa a farashin kasuwar Turai. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a koya masa cewa haƙo mai a ƙasarku ba ya nufin za ka saye shi da araha. Ƙarin haƙa zai iya kawo haraji da ayyuka, amma da wuya magidanci ya ga bambanci a mitarsa. Soke kwangilar da aka riga aka sa wa hannu kuma kotu ce za ta biyo baya, sannan duk wanda zai sake ba ƙasar bashin gina tasha, ta gas ce ko ta nukiliya, sai ya ƙara kuɗin ruwa.

Ita kuma Leba gaba kura baya sayaki, Reform na cinye mata ƙuri'u a tsofaffin garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, jam'iyyar Green ƙarƙashin Zack Polanski na jan matasan birane da ke ganin gwamnatin ma ba ta yi komai ba.

Wanda ke biya

Yawancin kuɗaɗen tsare-tsaren nan a kan lantarki aka jibga su, ba a kan gas ba, shi ya sa yunit ɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu. Sai abin ya zama tufka da warwara, gwamnati na roƙon mutane su bar tukunyar gas da galibin gidaje ke ɗumama ɗaki da ita su koma na'urar lantarki, su sayi motar lantarki, alhali ita ce ta sa lantarkin tsada. Kuma caji ta bil ba ya duba ƙarfin mutum kamar yadda harajin albashi ke yi. Mai gidan kansa da ke da kuɗi ya sa sola da batir a rufinsa ya rage abin da yake saye, ɗan haya a tsohon gida mai shigar sanyi ba shi da wannan damar, cikinsu har da ɗalibanmu da 'yan uwanmu masu aikin kula da tsofaffi a Manchester da Birmingham da ke loda mitar kati, ga wani kuɗin tsaye da ake cira kullum ko ka kunna ƙwan fitila ko ba ka kunna ba. Batun na da zafi har ta kai da Reeves ta yanke wa miliyoyin tsofaffi kuɗin ɗumama ɗaki na hunturu a 2024, fam 200 zuwa 300 ne kacal, sai da gwamnati ta lashe amanta ta dawo wa mafi yawansu da shi a Yuni 2025.

Dole a yi babban zaɓe kafin ƙarshen Agusta 2029, wato kafin wa'adin 2030 ya cika, kuma kuɗin waya da na gini yanzu ake biyansu, sauƙin in zai zo sai fankoki sun yi yawan da gas zai daina yanke farashi a mafi yawan sa'o'i. Fankar da aka ba kwangilar shekara 20 yau, in ta fara juyawa a 2030, za a ci gaba da biyanta har 2050, ko Farage ne ke zaune a gidan firaminista mai lamba 10 a titin Downing.